KEKEN GIYA A BAKIN SINGA: KAFIN KA TAYA, TAMBAYI KAYAN GYARANSA

 Yau za mu ɗan ajiye maganar sukari da shinkafa da taliya, mu taɓa abin da ke kai su unguwanni, watau keke. Kada wani ya ce me ya haɗa Singa da keke. Ai sunan kasuwar ma daga keke ya fito, sai dai keken ɗinki ne na kamfanin Singer, ba na hawa ba.

Duk mai shigowa Singa da hantsi ya san abin da nake nufi. Ga kekuna nan jingine a bakin shaguna, masu su suna ciki suna sari. Yawancinsu masu tireda ne daga Kurna da Rijiyar Lemo da Gwammaja da Ɗorayi, waɗanda jarinsu bai wuce katan biyu ko uku a rana ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni. Sa'an nan ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000. Mai tireda ya yi lissafi ya ga kuɗin Adaidaita Sahu, zuwa da komowa, ya cinye ribar katan. Sai ya tuna da keke.

Amma fa keken da ya koma wa ba na iyayenmu ba ne. Na iyayenmu shi ne baƙin nan mai nauyi, Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda ya karɓu har aka riƙa haɗa shi a nan Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya. Giyarsa ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe, sarƙarsa a rufe cikin gida, kariyarsa kuwa ta ɗauki buhu ta ɗauki mutum. Na yanzu shi ne mai kaurin taya da giya barkatai, wanda ke shigowa gwanjo daga Turai da Amurka da Japan, ko sabo a kwali daga Sin. Masu shi na asali suna ce masa keken dutse.

Yana da kyau a san dalilin sunan, don a nan matsalar take. A shekarun 1970 wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga kan wani dutse mai suna Tamalpais bisa tsofaffin kekuna, don wasa. Kekunan suna karyewa, suna gyarawa, har irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Tom Ritchey suka fara ƙera na musamman. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa, a 1996 kuma aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Watau keke ne da aka yi don mutum ɗaya, ba kaya, ya hau tudu ya gangaro. Mu kuwa duwatsunmu na cikin birni su ne Dala da Gwauron Dutse, ban taɓa ganin mai tireda ya hau da katan ɗin sabulu ba. Abin da muke nema wurinsa dako ne. Yana iya yi, amma ba kowane iri ba, kuma ba tare da kulawa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, kwanakin baya ina zaune wurin wani tsohon mai gyaran keke a Fagge, sai ga wani saurayi ya turo nasa, ƙafar baya tana rangaji kamar mai maye. Keke ne ja mai sheƙi, sifirin gaba, sifirin tsakiya, birkin faifai. Ya ce watansa biyu da saye, kuɗin adashi ya kwasa ya zuba. Tsohon ya juya keken, ya kaɗa ƙafar, ya saurara, ya ce, "Ɗana, me kake ɗora masa?" Ya ce, "Wallahi Baba ba komai, katan uku ne na taliya, wani lokaci da rabin buhun sukari." Tsohon ya kwance ƙafar ya zaro aksul, watau sandar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kanta, ga shi ya lanƙwashe. Wannan mai sauƙi ne, akwai shi. Da aka duba sifirin ɗin tsakiya sai aka tarar mahaɗinsa ya cinye, shi kuwa an zaga Fagge an zaga Sabon Gari ba a sami irinsa ba. Har na tashi keken na nan rataye, yaron kuma ya koma biyan kuɗin mota, ga adashi yana jiransa.

To, don kada a maimaita, ga abin da na tattaro wurin masu sana'ar.

JIKIN KEKE

Farko, mai neman keken dako ya kawar da kai daga mai sifirin a tsakiya, kome kyansa. Ƙafar bayansa tana hawa tana sauka, saboda haka babu inda kariya za ta zauna daidai, kuma duk tako ɗaya sai sifirin ya sha wani abu daga ƙarfinka. Na gaba ma, in mai araha ne, ado ne kawai. Ƙurar hunturu ta shiga ciki ya daskare, ko ya saki ya riƙa ƙwas-ƙwas. In ka sami wanda fok ɗinsa sandararren ƙarfe ne, watau ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, to shi ne naka. Dillali zai ce maka tsohon yayi ne. Ka ce ka ji, ka rage masa kuɗi a kan haka.

Na biyu, ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Ka manna a jikin keken: in ya kama, ƙarfe ne, in bai kama ba, yawanci alminiyam ne. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma ran da ya tsage ya gama aiki, don waldar bakin titi ba ta riƙe shi, ko ta riƙe wurin ya yi rauni. Ƙarfe kuwa kowane mai walda ya san shi. Ka duba mahaɗai da kyau, musamman wuyan keke da gindin feda da inda sandar sirdi ke shiga. Fenti da ya tattare ko ya yi layi siriri a nan, alamar karo ne ko tsagewa. Sabon fenti a wuri ɗaya tak, shi ma abin tambaya ne. Kana ka duba kusa da aksul na baya ko akwai 'yan ramukan noti na ɗaura kariya. In babu, sai an yi dabara da ƙulle-ƙulle, dabara kuwa ba ta son nauyi.

LAMBAR DA KE JIKIN TAYA

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Mutum ya je ya ce a ba shi taya 26, a ba shi, ya kai gida ta ƙi shiga, ko ta shiga tana lilo. Ya dawo, mai shago ya ce an riga an ɓare leda. Gaskiyar magana 26 ba ɗaya ba ce. Akwai 26 x 1.95 da 'yan'uwanta irin su 26 x 2.10, su ne na keken giya. Akwai kuma 26 x 1 3/8 na ƙananan kekunan da, irin na mata da 'yan makaranta. Sunansu ɗaya, girmansu daban.

Maganin abin, ka duba gefen tsohuwar tayarka, za ka ga wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuwa faɗin bakin rim. Wannan ta biyun ita ce ba ta ƙarya. Keken giya mai inci 26, lambarsa 559. Ɗaya 26 ɗin ta kekunan da, 590. Sababbin yayi masu 27.5, lambarsu 584. Masu 29 kuwa 622. Baƙin keken iyayenmu mai 28 x 1 1/2, lambarsa 635. Ka lura da abin mamaki: mai suna 28 ya fi mai suna 29 faɗin rim. Saboda haka kada wani ya ce maka ai kusa suke, a matsa za ta shiga. Ba za ta shiga ba. Ka rubuta lambarka a takarda ka sa a aljihu, ko ka tafi da tsohuwar tayar gaba ɗaya.

A ganina mai dako ya tsaya kan 559. Ita ta daɗe a duniya, ita ta fi yawa a gwanjo, tayarta da tiyub ɗinta da rim ɗinta sun fi sauƙin samu, kuma ƙaramar ƙafa ta fi babba jure nauyi. Ka ƙidaya wayoyin ƙafar baya, watau sifok: 36 ya fi 32. Iyayenmu ba wawaye ba ne, Raleigh na da 40 yake da su a baya. Ka matsa su bibbiyu da yatsa, in ka ji wasu sun saki a ɗaure su tun kafin ɗaya ya tsinke, don in ɗaya ya tafi maƙwabtansa na biye.

Bawul ma iri uku ne: mai kauri irin na mota, wanda kowane mai faci ke iya ba iska, siriri mai ɗan noti a kai, wanda sai da famfonsa ko ɗan mahaɗi, da irin na kekunan da mai 'yar roba a ciki. Ka nemi irin na mota ka huta. Taya mai manyan ƙuraje kuwa ta laka da tsakuwa ce, a kan kwalta wahala kawai take ƙara maka. In ta cinye ka sauya da mai ɗan santsi a tsakiya. Iska kuma kada ka yi mata rowa, adadinta na rubuce a gefen taya. In ka ga huda biyu a jere a tiyub kamar saran maciji, ba tsidau ba ne, ba ƙusa ba ce: iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami da kaya, rim ya cije tiyub.

GIYA DA SARƘA

Dillalai na son kirari da yawan giya, wai 21, wai 27. Lissafin faranti uku ne na gaba sau bakwai ko tara na baya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano, huɗu ko biyar za ka yi ta amfani da su har keken ya tsufa. Abin da ya shafe ka shi ne yawan na baya. Masu 6 da 7 da 8 sarƙarsu iri ɗaya ce, ga ta a ko'ina. Daga 9 zuwa sama sarƙa sai ƙara sirancewa take yi, kuɗinta na ƙaruwa, samunta na wuya. Sarƙar baƙin keke kuwa ta yi kauri, ba ta shiga tsakanin haƙoran keken giya ko kaɗan, ko da an ce maka ta fi ƙarfi.

Haƙoran baya iri biyu ne, kuma wannan shi ya kayar da yaron da na ba ku labari. Akwai firiwil da ake murɗawa a jikin hob kamar noti, akwai kuma wanda ake zurawa a kulle da zobe, kaset ke nan. A na farkon boris yana can ciki nesa da ƙarshen aksul, shi ya sa nauyi ke lanƙwasa shi. A na biyun boris yana kusa da baki, aksul ya fi samun madogara. Gane su ba wuya: ka juya haƙoran baya-baya ka dubi tsakiyarsu. In zoben da makulli ke kamawa yana juyawa tare da su, kaset ne. In ya tsaya cik, firiwil ne. Mai firiwil ba abin ƙi ba ne, kayansa sun fi araha, amma ka san iyakarsa.

Sarƙa tana cinyewa a hankali har ta ƙara tsawo, in ta ƙara kuma sai ta ci haƙora. Ga awo da ba ya bukatar komai sai rula ta 'yan makaranta. Daga ƙusa zuwa ƙusa a sarƙa rabin inci ne. Ka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, ka dubi inci 12. A sabuwar sarƙa wata ƙusa za ta faɗo daidai kan layin. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, sauya sarƙa yanzu. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, ka makara, haƙoran ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu. Kuɗin sarƙa ɗaya a kan lokaci ya fi kuɗin sarƙa da haƙora da faranti a haɗe sauƙi, kayan nan kuwa duk na waje ne, canjin dala suke bi.

Maganar mai. Na sha ganin mutum ya tsaya wurin masu juyen baƙin mai ya roƙi wanda aka zubar daga inji, ya tuttula wa sarƙa har tana ɗiga. Wannan ba gata ba ne. Tsohon mai cike yake da garin ƙarfe, ga shi da kama ƙura, da hunturu sai ya zama kamar an shafa wa sarƙa yashi. Abin yi, a goge ta da tsumma da ɗan kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta kaɗan a kowace gaɓa, a juya feda, sa'an nan a sake goge na waje sarai. Man da ke aiki yana ciki, na waje na ƙura ne. Da damina kuwa, duk ran da ka keta ruwan da ke kwanciya a titunan Sabon Gari, ka goge ka sa mai a daren, kada ka bari sai ta yi ja. Boris na ƙafafu da na gindin feda giris suke so, ko sau ɗaya bayan damina.

Hannun nan da ke rataye yana sauya sarƙa a baya, shi ne mafi rauni a keken duka, a cunkoson Singa kuwa baro da kura ba sa tambaya. In za ka jingine, ka sa ɓangaren sarƙa ta ciki wajen bango, kada kuma ka kwantar da keke a kan wannan gefe. In ya lanƙwashe ya shiga cikin sifok, ƙafa da hannun duka ka yi asara lokaci ɗaya. Akwai 'yan sukurori biyu a jikinsa masu alamar H da L, su ke hana sarƙa zarcewa waje ko ciki. In ba ka san su ba kada ka taɓa, ka kai wa mai gyara. In kuma makunnin giya na kan keke mai ƙas-ƙas ya lalace aka rasa irinsa, a sa maka mai sauƙin nan na babban yatsa wanda ba ya ƙidaya, yana tafiya da kowane irin haƙora. Ka riƙa sauke giya kafin ka tsaya, kuma kada ka sauya alhali kana danna feda da ƙarfi.

BIRKI

Birkin roba mai kama rim ya ishi mai dako, robarsa kuma araha. A duba kada ta cinye har ƙarfe ya fito ya riƙa cin rim, kada kuma ta hau ta riƙa gugar taya. Birkin faifai mai waya shi ma ba laifi, sai dai ko ɗigon mai ya taɓa faifan ko abin da ke kama shi, ya daina ci, sai kuka. Mai aiki da mai a cikin siririn tiyo shi ne nake jan kunne a kai. Na kamfanin Shimano da man kansa yake aiki, ba ya shiri da man birkin mota. In aka zuba masa na mota robobin ciki su kumbura, birki ya mutu, ba kuwa zai gaya maka ranar ba. Wanda zai sauko gadar sama da katan uku a baya, ya san abin da ke hannunsa.

DAIDAITA SHI DA JIKINKA

Yawancin mutanenmu sirdi a ƙasa suke barinsa, gwiwa na neman taɓa ƙirji, da yamma su ce keke na kashe gwiwa. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sosai, to daidai ke nan. Amma a jikin sandar sirdi akwai layi da aka zana, kada ka zaro ta ya fito waje, jikin keke zai tsage. Wanda keke ya yi masa kaɗan, ya yi masa kaɗan. Fedar hagu kuma a juye ake kwance ta, ba kamar sauran notuna ba. Yara masu koyon gyara sun kashe haƙoran da yawa a nan. Sa'an nan wannan keke ba shi da gidan sarƙa, saboda haka mai doguwar riga ya tattare ta, mai wando ya naɗe ƙafar dama. Ƙafafu da sirdi masu ɗan hannun da ake buɗewa ba sifana, an yi su don sauri, ɓarawo ma saurin yake so. A sauya su da noti kafin a fara barin keke a bakin kasuwa.

Saura kaya. Yawancin kariyar da ake ɗaura wa irin wannan keke, in ka duba za ka ga kilo 25 aka buga a jikinta. Buhun sukari ko na fulawa kilo 50 ne. Wannan na ɗan dako ne, ko kura, ko Adaidaita, ko baƙin keke in kana da shi. Katan biyu na taliya ko sabulu ko madara ba matsala, a raba nauyin gefe da gefe, a saukar da shi ƙasa-ƙasa, a ɗaure da roba sosai. Kada a tula shi sama, kada kuma a rataya jarkar mai a kan keke, don da ka juya ita ma za ta juya da kai.

In ka je saye, kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki mai gyaran unguwarku ka biya shi ladan rakiya. Kafin ka taya, ka bar keken a wurin ka zaga shagunan kayan gyara ka tambayi abu huɗu da lambarsu: taya, sarƙa, haƙoran baya, da abin birki. In huɗun nan suna nan a shago fiye da ɗaya, koma ka yi ciniki. In an ce maka sai an aika Legas, ka ce albarka tun kafin mai keke ya ce. Ka hau shi ka zaga, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka matse birkin gaba ka girgiza keken ka ji ko wuyansa na motsi. In an sallama, ka karɓi rasit, a rubuta lambar da aka buga a ƙarƙashin gindin feda, don keken gwanjo da keken sata kamarsu ɗaya a ido.

Yaron nan kuwa na sake ganinsa a Singa. Tsohon ya kwashe ƙafafu da birki da sirdi daga jan keken ya mayar kan wani tsohon jiki na ƙarfe da ya daɗe a rataye, fentinsa duk ya koɗe. Na ce, "Samari, ina ja mai sheƙi?" Ya ce, "Malam, yana wurin Baba, wai ko za a sami mai son ado." Ya ɗaure katan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi Kurna.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Wassalam.